Jama'ar Turba, Mu Tsaya wa Masu Ciki

Jama'ar Turba, da ku mutanen Tozai da Tidibale da Bargaja da Gebe, da 'yan'uwanmu na Gatawa da Tara da Kurawa da Unguwar Lalle: Duk ranar da ɓarayin daji suka faɗa wa gari, washegari mukan zauna mu yi lissafi: mutum nawa aka kashe, nawa aka kora daji, shanu nawa, rumbu nawa ya ƙone. Ban taɓa jin an sa matar da ta ruga cikin dare da cikin wata shida a wannan lissafin ba, wadda ta kwana cikin karan gero gabanta na faɗuwa har asuba. Tunda ta dawo da ƙafafunta, cikin kuma bai zube ba, sai mu yi hamdala mu ce ta tsira. Ta tsira, gaskiya ne. Amma firgicin da ta sha ya bi jininta, wani abu daga cikinsa kuma yana iya isa ga ɗan da ke kwance a mahaifarta, a daidai watannin da ƙwaƙwalwarsa ke haɗuwa.

Ku tuna watan Mayu na 2020, da aka kashe mutum sama da 70 a Garki da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙasar Sabon Birni. Ku tuna Disambar 2021, da aka ƙona matafiya cikin mota a Gidan Bawa. Ku tuna Agustan 2024, da labari ya zo cewa Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. A kowace ɗaya daga cikin ranakun nan akwai mata masu ciki a kowace unguwa ta ƙasar nan, kuma sun ji abin da kowa ya ji. 'Ya'yan da ke ciki lokacin harin Garki yanzu sun isa riƙe allo. Tsakanin waɗannan manyan ranaku kuma akwai ƙananan da ba mai rubuta su: ranar da aka aza wa gari haraji, daren da kare ya yi haushi kowa ya miƙe zaune, watannin da aka katse layukan waya a 2021 mace ta kasa jin ko mijinta da ya tafi kasuwa yana da rai.

Ga yadda abin yake tafiya a jiki. Idan mutum ya tsorata, jikinsa yakan zubo wasu sinadarai cikin jini, babbansu likitoci na kiransa kotisol. Shi ke sa barci ya gudu, jiki ya ɗaure, mutum ya iya gudun da bai san yana iyawa ba. Rahama ce idan na ɗan lokaci ne. Allah kuma ya yi wa ɗan tayi kariya: mabiyiya, wadda ungozoma ke binnewa bayan haihuwa, tana aiki kamar rariya, tana da wani sinadari da ke kashe ƙarfin mafi yawan kotisol ɗin uwa kafin ya ƙetara. To masu bincike a Landan, ƙarƙashin Farfesa Vivette Glover, sun auna mabiyiyar mata bayan haihuwa, suka ga cewa matan da suka fi fama da fargaba wannan kariyar tasu ta fi rauni. Firgicin dare ɗaya rariyar na iya tare shi. Na wata da watanni, wanda babu ranar hutu, shi ke faɗaɗa mata ido.

Abin da ke ƙetarawa kuma yana tarar da aiki ana tsakiyar yi. Tun cikin bai cika wata ɗaya da shiga ba, kafin mace ta tabbatar ma tana da shi, tushen ƙwaƙwalwa da lakar baya ya riga ya naɗe. Daga nan har haihuwa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke ta ninkuwa, suna neman mazauninsu, suna ƙulla hanyoyi a tsakaninsu. Wajen wata na shida ɗan tayi ya fara jin sauti, har yakan gane muryar uwarsa bayan an haife shi. Sassan da za su riƙe tsoro da natsuwa da hankali da harshe duk a lokacin ake aza su.

A garin Biristol na Ingila an bi mata masu ciki kimanin 14,000 daga 1991 zuwa 1992, aka ci gaba da bin 'ya'yansu har suka girma. Matan da suka fi kowa fargaba a ƙarshen ciki, 'ya'yansu sun ninka sauran yara shiga matsalar ɗabi'a da rashin natsuwa da yawan tsoro suna da shekara 4. A Kanada kuma, cikin Janairun 1998, ruwan ƙanƙara ya karya turakun lantarki a lardin Kebek, miliyoyin mutane suka zauna cikin sanyi mai kisa, wasu fiye da wata guda. Farfesa Suzanne King ta bi matan da ke da ciki a lokacin. Waɗanda suka fi shan wuya, 'ya'yansu sun ɗan yi baya wajen magana da gane abubuwa suna da shekara 2. Wahalar 'yan makonni ke nan, a ƙasar da asibiti ke aiki kuma babu mai bin ka da bindiga. Mu shekara nawa muka ɗauka?

Kafin wani ya ɗauki maganar nan ya mayar da ita sanda, bari in tare shi. A binciken Biristol ɗin, mafi yawan 'ya'yan matan da suka sha fargaba lafiyarsu ƙalau. Haɗari ne ke ƙaruwa, ba hukunci aka yanke wa kowane yaro ba. Kuma duk wanda ya je ya ce wa mai ciki ta daina damuwa kada ta lalata ɗanta, ya ƙara mata damuwa ta biyu a kan ta farko. Ba ita ta kira ɓarayi ba, ba ita ta hana noma ba. Idan akwai mai laifi bayan masu bindiga, to mu ne da ke kewaye da ita muna gani. Akwai ma labari mai daɗi daga mutanen Landan ɗin nan: sun auna kotisol a ruwan mahaifa, suka dawo suka gwada yaran suna da wata 17. Yaran da suka shaƙu da uwayensu sosai, ana ɗaukarsu ana amsa kukansu ana yi musu wasa, ba a ga tasirin sinadarin a kaifin hankalinsu ba. Ƙwaƙwalwar jariri ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na girman ta babba ranar haihuwa, saura duk a hannunmu take girma. Ƙofar gyara a buɗe take, amma sai uwar tana da sauran ƙarfin zuciyar da za ta dubi ɗanta ta yi masa murmushi.

Nan ne abin ya fi damuna, domin sinadari ba shi kaɗai ba ne hanya. Macen da baƙin ciki ya danne ba ta cin abinci ko akwai shi, balle a shekarar da gona ta gagara. Ba ta da kuzarin zuwa awo, ba ta tuna maganin ƙarin jini. Wadda ke kwana daji ba ta rataya gidan sauro a kan geza, zazzaɓi kuma shi ke shanye jinin mai ciki ya ƙanƙantar da ɗa. Damuwa mai tsanani tana cikin abubuwan da ke kawo bakwaini da jariri marar nauyi. Bayan haihuwa, uwar da zuciyarta ta mutu takan ba da nono fuska a juye, yaro ya yi gwalantu ba mai amsa masa, har ya gaji ya daina. A ƙauyukan Rawalpindi na Pakistan, Farfesa Atif Rahman ya gano cewa jariran matan da suka yi ciwon damuwa lokacin ciki sun ninka sauran har sau huɗu wajen rashin nauyi suna da wata 6. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran jihar Sakkwato 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, kuma cikin mata 10 ko ɗaya ba ta cika haihuwa a asibiti ba. Muna kai yaro wurin masu maganin tamowa a ba shi abincin leda, mu dawo da shi hannun uwar da ba wanda ya tambayi abin da ke cin ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 16 cikin 100 na fama da matsalar ƙwaƙwalwa lokacin ciki, galibi ciwon damuwa, bayan haihuwa kuma kusan 20 cikin 100. Wannan lissafin ya haɗa har da wuraren da ake kwana da ƙofa a buɗe.

Kakanninmu ba su san kotisol ba, amma sun san mai ciki ba a barin ta ita kaɗai. Shi ya sa suka yi goyon ciki: cikin fari ya kai wata bakwai, a mayar da yarinya ɗakin uwarta, a sauke mata daka da ɗaukar ruwa, ta haihu a hannun waɗanda ba ta jin kunyarsu, ta yi arba'in ana dafa mata ana ɗaukar mata jariri. Shi ya sa ake ɓoye wa mai ciki mummunan labari har a sami dattijuwar da ta iya faɗa. Yau ina ɗakin uwar? Garin ya tashi. Uwar tana gudun hijira cikin wata makaranta a Isa, ko ta ƙetara Gidan Rumji a jihar Maraɗi, ko tana cikin waɗanda ake tara wa kuɗin fansa. Yarinya 'yar shekara 16 na ɗauke da cikin fari a gidan da ba ta san kowa ba, kunya ta hana ta ko ambaton cikin, balle ta ce tana jin tsoro. Mummunan labari kuma ya daina bin ta bakin dattijuwa. A waya yake zuwa, da hoto da murya, yaro ya kunna shi tsakar gida kowa na ji.

Idan ta yi ƙarfin hali ta buɗe baki, amsar da take samu ɗaya ce: «Ki yi hanƙuri, ɗiyata, kowa haka shi ke.» Haƙuri ibada ne, ban isa in taɓa shi ba. Amma sau da yawa idan muka faɗe shi muna nufin ta yi shiru ne, don mu ma mun gaji. Alƙur'ani da kansa, a Suratu Luƙman, ya shaidi wahalar da uwa ke sha wajen ɗaukar ciki. Abin da Allah ya ambata da sunan wahala, wane ne mu da za mu ce raki ne?

Maigida, da kai zan fara, don kai ne kusa. Na san abin da ke kanka: gona ta gagara, an karɓe babur, ana bin ka kason haraji. Amma fushin da ka kwaso a waje idan ka sauke shi a kan mai ciki, ka zama ɓarawo na biyu a cikin gidanka. Duka da zagi da gorin abinci suna cikin manyan abubuwan da ke jefa mai ciki ciwon damuwa a ko'ina cikin duniya, kuma tsoron wanda ake kwana ɗaki ɗaya da shi ya fi na daji nacewa, don ba a guje masa. Ka zauna da ita bayan isha'i ka ce, «Mi ka damun ki?» sannan ka yi shiru ka ji amsa, ko ba ka da maganinta. Ku shirya tun da rana: in an ji harbi wa zai riƙe ta, wace hanya za a bi, gidan wa za a nufa, wa ke da mota ko amalanke in naƙuda ta zo da dare. Wanda ya san abin da zai yi, tsoronsa ba ya kai na wanda ke jiran abin da bai sani ba. In cikin ya tsufa kuma kana da ɗan'uwa a cikin garin Isa ko Sabon Birni, ka kai ta can ta ƙarasa watanninta kusa da asibiti. Ba gudu ba ne. Kuma ka bar ta ta je awo. Ana so mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin haihuwa, in hanya ta hana 8, kada ta hana 4.

Inna, uwar miji, na san kin haifi goma a kan tabarma ba ki yi kuka ba. Allah ya saka miki. Amma a zamaninki kin kwana da ido biyu a rufe. Yarinyar nan da uwarta ta yi nisa, ke ce uwarta yanzu, goyon cikinta a wuyanki yake. Abokiyar zama, karɓar mata girki na wata biyu ba zai rage miki daraja ba, kuma rana na zuwa da za ki so a karɓar miki. Samari, ku fita waje da wayoyinku in za ku kalli gawarwaki.

Akwai kuma waɗanda ba ma son ambata: matan da aka sace suka dawo da ciki. An zalunce su sau ɗaya a daji. Idan suka dawo muka bi su da ido da raɗa, muka hana su zama cikin mata a gidan suna, mun kammala wa azzalumai aikinsu. Ita ba ta da laifi, abin da ke cikinta ma ba shi da laifi, kuma a duk ƙasar nan babu mai cikin da ta fi ta bukatar a riƙe ta. Malamai, wannan taku ce. Ku faɗe ta a kan mumbari da sunanta, domin abin da liman ya faɗa ranar Juma'a yana shiga ɗakunan da ma'aikacin lafiya ba zai taɓa shiga ba.

Kada kowa ya ce sai an kawo mana manyan likitocin ƙwaƙwalwa. Ba za su zo da yawa ba, ko a biranen ma ba su isa ba. A Rawalpindi ɗin nan, Atif Rahman da abokan aikinsa sun koya wa matan unguwa masu aikin lafiya yadda za su zauna da mai ciki, su saurare ta, su taimaka mata ta warware tunanin da ya ɗaure ta, su jawo miji da uwar miji cikin lamarin. Mata 903 aka gwada da su, sakamakon ya fito a 2008. Bayan wata 6 da haihuwa, cikin waɗanda aka yi wa wannan zaman kashi 23 cikin 100 ne suka rage da ciwon, cikin sauran kuwa kashi 53. Nauyin yaran bai bambanta sosai ba, amma gudawa ta ragu, allurar rigakafi ta ƙaru, iyaye suka fi yi musu wasa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da tsarin littafin koyarwa ga kowace ƙasa. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda kakanni mata ya horar, suna zama kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa. A nan gida, Farfesa Oye Gureje na Ibadan ya gwada a ƙananan asibitocin jihar Oyo, ya nuna ma'aikatan da ke yin awo za su iya gane ciwon su kuma yi maganinsa.

Mu kuwa ba baƙin wannan tsari ba ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa waɗanda ake kira jaji, dattijan mata masu hankali da ake aza wa malfa, suna bin ƙauyuka suna karantar da mata 'yan taru suna jin matsalolinsu. Gobir kuma tun kafin faɗuwar Alƙalawa a 1808 tana da Inna, wadda al'amuran mata ke hannunta. Ƙasar da ta san Inna ta san jaji ba ta rasa yadda za ta sami mace ɗaya a kowace unguwa, da kowane sansanin gudun hijira, wadda aikinta shi ne ta san kowace mai ciki, ta leƙa ta duk mako, ta zauna ta ji. Ungozomomi da malaman Islamiyya mata da matan da ke bin gida-gida lokacin rigakafi suna nan, an san su an yarda da su. Sharaɗi ɗaya ne: mai riƙe sirri. Wadda za ta kwashe abin da ta ji ta kai bakin rijiya gara ta zauna gida.

Ga abin da za ta sa wa ido, mu ma duka mu sa. Mai cikin da ta yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki, ba ta jin daɗin komai, tana kuka ba dalili, ba ta barci ko a daren da gari ke lafiya, ta bar abinci, ta bar wanka da kitso, ko tana zabura da ƙaramin motsi tana ganin abin da ya faru kamar yanzu yake faruwa, wannan ciwo ne, kuma yana da magani. Wadda ta ce gara ta mutu ta huta, kada a ce wasa take, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a ranar. Maijegon da ta rikice cikin makonnin farko, tana surutai, tana jin muryoyi, tana ƙin jaririnta ko tana cewa ba nata ba ne, wannan yakan sami mace 1 ko 2 cikin 1,000, kuma ana warkewa sarai in an yi sauri. Mun saba cewa iska ce. A yi mata addu'a, a yi ruƙiyya, ba mai hanawa, amma a yi a kan hanyar asibiti. Kada a ɗaure ta, kada a doke ta, kada a turara mata hayaƙin da zai shaƙe ta da jaririn. Kada kuma a saya wa mai ciki ƙwayar barci a kemis ko a tallar kasuwa. Akwai magungunan da likita ke iya ba ta ba tare da sun cutar da ɗan ba, shi ya san su. In kuwa ciwon kai ne mai tsanani da kumburin fuska da gani dishi-dishi, wannan ba tunani ba ne, alamar hawan jini ce mai kawo jijjiga, a ruga da ita.

Saura hukuma. Maganin farko na fargabar matan Gobir shi ne a kwana lafiya, wannan kuwa haƙƙinmu ne a kan gwamnatin tarayya da ta jiha, ba za mu daina nema ba. Amma kafin ya samu akwai abin da ba ya bukatar jirgin yaƙi. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ce a shigar da wannan kulawa cikin ƙananan asibitoci. Muna da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware, muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, amma mai ciki daga Turba ba za ta bi hanyar Gundumi don ta je ta ce ba ta barci ba. Ilimin ne zai zo inda take. Akwai tambayoyi 10 da aka tsara a Edinbara tun 1987 don gano damuwar masu jego, ana kuma yi wa masu ciki, ba sa cin minti 10. A horar da masu awo a Isa da Sabon Birni su riƙa yin su da Hausa, a keɓe, kamar yadda suke auna jini. A riƙa turo ma'aikaci daga Kware ko sau ɗaya a wata zuwa manyan asibitocin garuruwan biyu, sauran ranaku a ba masu awo lambar da za su kira. A sansanonin gudun hijira a ware wa masu ciki ɗaki mai ƙofa da gidan sauro, a sa su gaba a rabon abinci.

Shugabannin ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni, da kansilolinmu, da 'yan majalisar da muka zaɓa, za mu zo muku da wannan a rubuce, kuma za mu nemi ku faɗa mana wata da ranar da za a fara horon. Hakimai da masu unguwanni, ba sai kun jira su ba. Daga nan zuwa Juma'a mai zuwa kowane mai unguwa ya tara dattijan matan unguwarsa, su fitar da mace ɗaya, su ƙirga masu cikin da ke wurinsu har da baƙin da gudu ya kawo, su fara da waɗanda uwayensu ba sa kusa.